Ciwon Daji na Hanta: Sanadinsa da Hanyar Gane Shi da Wuri

Jawabi domin wayar da kan jama'a



Babu wani babban asibiti a Nijeriya wanda likitocinsa ba su saba ganin irin wannan majinyaci ba. Magidanci ne wanda shekarunsa ba su wuce 40 ko 45 ba, yana tsakiyar ƙarfinsa, ga iyali a ƙarƙashinsa, bara warhaka yana gona ko kasuwa ko ofis. Cikin 'yan watanni sai ya rame, abinci ya fita ransa, idanunsa su yi rawaya, cikinsa ya kumbura, ga wani nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Kafin a kawo shi asibiti an sha jiƙe-jiƙen shawara, an yi turare, wani lokaci ma har an zargi maƙwabci ko abokin sana'a da sammu. Likita ya duba shi, ya ɗauki hoton cikinsa, sa'an nan ya ja dangi gefe ya shaida musu cewa ciwon daji ne ya kama hanta, kuma an makara.

Abin da dangi ba su sani ba shi ne, cutar nan da suke gani kamar jiya ta faɗo, ta yi shekara 30 ko fiye tana gininta a ɓoye, sau da yawa ma tun mutumin yana goye a bayan uwarsa. Cikin dukan shekarun nan akwai lokacin da ɗigon jini ɗaya daga ɗan yatsa zai iya tona asirinta. Maƙasudin wannan jawabi shi ne a bayyana abin da masu bincike suka gano game da sanadin ciwon daji na hanta, da yadda ake gane shi tun yana ƙarami, da kuma abin da ya wajaba a kan kowane baligi tun yana jin kansa garau.

A shekarar 2022 mutum kimanin 866,000 suka kamu da ciwon daji na hanta a duniya, kimanin 759,000 kuma suka mutu da shi, watau shi ne na uku a cikin cututtukan daji wajen kisa. A 2017 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a kan majinyata 2,566 a manyan asibitoci na ƙasashe 9 na Afirka, har da Nijeriya. In aka cire Masar, rabin majinyatan ba su wuce shekara 46 ba, kuma rabinsu sun rasu cikin wata biyu da rabi bayan an gane cutar. Dalili kuwa shi ne kusan dukansu sun zo asibiti bayan cuta ta riga ta ci ƙarfin hanta.

AIKIN HANTA A JIKI

Hanta ita ce mafi girma a cikin kayan ciki. Nauyinta a jikin baligi kimanin kilo ɗaya da rabi ne, tana zaune a gefen dama, a ƙarƙashin haƙarƙari. Duk abin da mutum ya ci ko ya sha, bayan hanji ya tsotse shi, sai jini ya bi da shi ta hanta tukuna kafin ya watsu cikin jiki. A can ake tace guba, a ajiye sukari domin lokacin yunwa, a sarrafa kitse, a yi ruwan matsarmama mai narkar da maiƙo, a kuma haɗa sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni.

Hanta tana da hali biyu da ya kamata a sani. Na farko, tana iya gyara kanta: ko an yanke wani babban sashe nata, ragowar takan sake girma. Na biyu, tsokarta ba ta jin zafi, sai dai fatar da ta lulluɓe ta, ita ma sai wani abu ya kumbura ya miƙar da ita. Saboda haka hanta tana iya shan wahala shekara da shekaru mai ita bai ji kome ba. Idan abin da ke cutar da ita bai daina ba, kullum tana rauni tana warkewa, a hankali sai tabo ya maye gurbin lafiyayyar tsoka, ta yi tauri ta ƙanƙance. A cikin irin wannan hanta ce ciwon daji ya fi tsirowa, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bincike ya tabbatar da manyan abubuwa uku masu tsaga wannan bango: ƙwayar cutar hanta, da gubar fumfuna a cikin abinci, da kuma kitsen da ke taruwa a hanta, wanda ƙiba da ciwon sukari da barasa ke kawowa.

NA FARKO: ƘWAYAR CUTAR HANTA

A 1965 wani likita Ba'amurke, Baruch Blumberg, ya ba da labarin wani baƙon abu da ya gani a cikin jinin wani ɗan asalin ƙasar Ostireliya. Bayan 'yan shekaru aka gane cewa ɓawon wata ƙwayar cuta ce mai kama hanta, wadda yanzu ake kira ƙwayar ciwon hanta na B. Saboda wannan aiki aka ba shi kyautar Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce aka mayar Ranar Ciwon Hanta ta Duniya.

Sauran tambaya ita ce, ko wannan ƙwaya ita ke kawo ciwon daji. Amsa ta fito daga tsibirin Taiwan, inda wani likita mai suna Palmer Beasley da abokan aikinsa suka gwada jinin ma'aikatan gwamnati maza 22,707, sa'an nan suka bi su shekara da shekaru suna lura da wanda ya kamu da wanda ya tsira. Sakamakon da suka buga a 1981 ya nuna cewa haɗarin ciwon daji na hanta ga mai ɗauke da ƙwayar ya ninka na wanda ba ya ɗauke da ita fiye da sau 100. A wannan shekara ce kuma aka amince da allurar rigakafin ƙwayar ta farko. Taiwan ta fara yi wa jarirai allurar a 1984, kafin 1997 kuwa an tabbatar cewa ciwon daji na hanta a tsakanin yaran ƙasar ya ragu da kusan rabi. A nan Afirka ta Yamma, ƙasar Gambiya ta fara irin wannan babban bincike a 1986, kuma ya nuna cewa allurar tana kare ɗan Afirka daga zama mai ɗauke da ƙwayar har ya girma. Wannan ita ce allura ta farko a tarihi da aka tabbatar tana hana wani ciwon daji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ƙwayar B, kuma kashi 13 cikin 100 kaɗai suka san da haka. A Nijeriya, babban binciken gida-gida da Gwamnatin Tarayya ta gudanar a 2018 ya gano ƙwayar a jinin kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64. Watau a cikin kowane baligi 12 akwai kimanin mutum ɗaya, kuma maza sun fi mata.

Lokacin da aka kamu da ƙwayar shi ke nuna abin da zai biyo baya. Baligin da ya kamu da ita yakan yi zazzaɓi da shawara, ko ma kada ya ji kome, sa'an nan jikinsa ya kore ta. Waɗanda take zama musu ba su kai 5 cikin 100 ba. Jaririn da ya ɗauka wajen haihuwa kuwa, a cikin 10 kimanin 9 za su zauna da ita muddin rai. Yaron da ya ɗauka kafin ya kai shekara 5 shi ma yana cikin babban haɗari. Wannan ne ya sa ciwon daji na hanta ke kashe 'yan Afirka suna da sauran ƙuruciya.

Ana ɗaukar ƙwayar ta jini da ruwan jiki: daga uwa zuwa ɗa wajen haihuwa, tsakanin yara ta ƙuraje da raunuka, ta allurar da aka yi wa wani aka sake yi wa wani, ta ƙarin jinin da ba a gwada ba, da ta saduwar namiji da mace. Tana iya yin kwana 7 da ranta a jikin aska ko reza, ko da ido bai ga jini ba. Saboda haka ana roƙon wanzamai, waɗanda sana'arsu tsohuwa ce mai daraja, da masu aski na zamani, da masu yankan farce, da unguwarzoma, su riƙa amfani da sabuwar reza ga kowane mutum, a wajen aski da kaciya da ƙaho da yankan cibi. Goge aska da tsumma ko wanke ta da ruwa ba ya kashe ƙwayar.

Ya kamata kuma a san inda ba a ɗaukarta, gama jahilcin wannan ya raba aure ya kori ma'aikata a banza. Ba a ɗaukarta ta cin abinci a kwano ɗaya, ko musafaha, ko gumi, ko tari, ko cizon sauro. Uwa mai ɗauke da ƙwayar tana iya shayar da ɗanta nono, muddin an yi masa allurarsa.

Akwai wata ƙwayar kuma, ta ciwon hanta na C, wadda aka gano a 1989. Binciken 2018 ya same ta a jinin kashi 1.1 cikin 100 na manya a Nijeriya. Ita ma ta jini ake ɗaukarta, ita ma tana kawo taurin hanta da ciwon daji. Ba ta da allurar rigakafi, amma tana da magani: ƙwayoyi ne da ake sha kimanin wata 3, suna warkar da fiye da 95 cikin 100.

NA BIYU: GUBAR FUMFUNA

A 1960 talotalo kimanin 100,000 suka mutu a gonakin Ingila ba a san dalili ba. Da aka bi diddigi sai aka tarar duka sun ci abinci mai haɗe da tunkuzar gyada da aka kawo daga Barazil, a cikinta kuma akwai wata guba da fumfuna ke fitarwa. Aka ba ta suna afulatoksin. A 1987 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji.

Wannan fumfuna tana zaune cikin ƙasa, tana son zafi da laima, kuma ta fi kama gyada da masara. Takan shiga amfanin gona tun a gona idan fari ya galabaitar da shuka ko ƙwari sun huda ƙwaya, sa'an nan ta yaɗu idan an shanya a ƙasa tsirara, ko an zuba a buhu ko rumbu kafin ya bushe sarai. Gubar ba ta da wari, sau da yawa ba a jin ɗanɗanonta, kuma dahuwa ko suya ba su kashe ta. In ta yi yawa a abinci tana kisa nan da nan: a Kenya a 2004 mutum 317 suka kwanta bayan sun ci gurɓatacciyar masara, 125 suka mutu. In kuwa kaɗan-kaɗan ake ci kullum, sai ta riƙa ɓata ƙwayoyin halittar hanta a hankali.

Babban haɗari shi ne idan gubar ta tarar da ƙwayar B a hanta ɗaya. Wani bincike da aka yi a kan maza fiye da 18,000 a birnin Shanghai na ƙasar Sin, wanda aka buga a 1994, ya nuna cewa gubar ita kaɗai tana ninka haɗarin ciwon daji kimanin sau 3, ƙwayar B ita kaɗai kimanin sau 7, amma idan suka haɗu sai haɗarin ya kai kusan sau 60. A ƙasar da gyada da masara ke cikin abincin yau da kullum, kuma baligi ɗaya cikin 12 yana ɗauke da ƙwayar, wannan magana ba ta wasa ba ce.

Maganin abin yana hannun manomi da matar gida. An gwada wannan a ƙauyuka 20 na ƙasar Gini, aka buga sakamakon a 2005. A rabin ƙauyukan an koya wa manoma su tsince ruɓaɓɓiyar gyada da hannu, su shanya a kan tabarma, su tabbatar ta bushe, su zuba a buhun da iska ke shiga, su ɗora buhunan a kan katako. Bayan wata 5 da girbi, gubar da aka samu a jinin mutanen waɗannan ƙauyuka ba ta kai rabin ta sauran ƙauyukan ba. Har ila yau Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Ƙasashe Masu Zafi da ke Ibadan ta samar da wani abu mai suna Aflasafe, watau ƙwayar dawa da aka shafa wa irin fumfunar da ba ta da guba. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya, mako 2 zuwa 3 kafin shuka ta yi fure, sai mara gubar ta riga mai gubar kama wuri.

Akwai wata al'ada da ya kamata a bari: a zaɓi kyakkyawar gyada a kai kasuwa, a bar motsattsa da mai baƙi-baƙi a yi ƙuliƙuli ko miya a gida. Wanda ya yi haka ya sayar da lafiya ya ajiye wa 'ya'yansa cuta. Ruɓaɓɓen hatsi ko dabba ba a ba ta, gama gubar tana fita a cikin nonon saniya. A binne shi ko a ƙone.

NA UKU: KITSE, SUKARI DA BARASA

Tun da daɗewa likitoci sun san barasa tana tara kitse a hanta har ta taurara ta, kowace iri ce, ta kwalba ko burkutu ko ogogoro. A 1980 wasu likitoci a Amurka suka bayyana majinyatan da hantarsu ta yi kama da ta mashaya, alhali ba su shan barasa. Yawancinsu masu ƙiba ne, wasu kuma da ciwon sukari. Yau an ƙiyasta cewa kimanin baligi 3 cikin 10 a duniya suna da kitse a hanta, kuma fiye da rabin masu ciwon sukari na manya suna da shi.

Ga yadda abin ke faruwa. Idan mutum yana cin abin da ya fi ƙarfin aikin da jikinsa ke yi, musamman sukari da lemon kwalba da farar fulawa da soye-soye, hanta takan mayar da rarar ta zama kitse. Kitsen ya taru a tumbi da cikin hanta kanta, jiki ya daina jin umurnin insulin, watau sinadarin da ke shigar da sukari cikin tsoka, sai sukari ya yi yawa a jini. Da haka ƙiba da ciwon sukari da hawan jini da kitsen hanta suke tafiya tare kamar 'yan gida ɗaya. Ga yawancin mutane kitsen yakan tsaya a kitse, amma ga wasu yakan kai ga kumburi, da tabo, da ciwon daji. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa ciwon sukari yana ninka haɗarin ciwon daji na hanta kimanin sau 2. Mai ɗauke da ƙwayar B, in ya ƙara da teɓa ko barasa, ya ɗora wa jaki mai rauni kaya biyu.

A da ana ganin teɓa alamar wadata ce. Zaman birni ya sa wanda kakansa ke yini a gona shi yana yini a kujera, daga mota zuwa ofis ko shago. Akwai awo mai sauƙi wanda ba ya bukatar kuɗi: mutum ya auna tsawonsa da igiya, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita daidai saman cibiya. In ba ta haɗu ba, tumbin ya wuce kima. Kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da sukari kimanin ƙaramin cokali 8 zuwa 9, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada baligi ya wuce kimanin cokali 12 a yini, har da na shayi da koko da fura. Hukumar ta kuma ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kamar tafiya da sauri ta rabin sa'a kwana 5. An tabbatar cewa wanda ya rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa, kitse da kumburin hantarsa sukan ragu ƙwarai, wani lokaci har tabon ya ja da baya. Ga mai kilo 90, wannan kilo 6 zuwa 9 ke nan.

YADDA AKE GANE CUTAR DA WURI

Mataki na farko shi ne gwajin jini na ƙwayar B, wanda likitoci ke kira HBsAg. Ɗigon jini ne daga ɗan yatsa, sakamako yakan fito cikin kimanin minti 20. Ya kamata kowane baligi ya yi shi ko da sau ɗaya ne a rayuwarsa, haka kuma kowace mace mai ciki. Wanda ba a samu ƙwayar a jininsa ba, sai ya nemi allurar rigakafi, guda 3: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na 6. A wannan zuwa ɗaya ana iya gwada ƙwayar C, da sukari, da hawan jini. Idan aka auna sukari kafin karin kumallo ya kai 126, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, aka sake aunawa wata rana ya maimaita, to ciwon sukari ne.

Wanda aka samu ƙwayar B a jininsa kada hankalinsa ya tashi, gama yawancin masu ɗauke da ita ba su kamuwa da ciwon daji. Abin da ake bukata shi ne ya je wurin likita a duba lafiyar hantar da yawan ƙwayar a jini, ya kuma kai matarsa ko mijinta, da 'ya'ya, da waɗanda suke uwa ɗaya, su ma a gwada su. Ba kowa ke bukatar magani nan take ba. Likita ne zai faɗa. Ga mai bukata akwai ƙwaya ɗaya a yini, tenofobir ko entekabir, wadda ke danne ƙwayar cutar, ta ba hanta damar farfaɗowa, ta rage haɗarin ciwon daji. Maganin ba ya kawar da ƙwayar ɗungum, don haka ba a daina shi sai da izinin likita, domin dainawa haka kawai tana iya tayar da cutar da ƙarfi. Duk wanda ya ce yana da jiƙo ko garin da ke wanke ƙwayar B daga jini cikin mako biyu, kuɗin jama'a yake nema, kuma wasu daga cikin irin waɗannan haɗe-haɗe su da kansu suna ƙona hanta.

Mataki na biyu shi ne bibiya. Duk wanda hantarsa ta yi tauri, ko mene ne sanadi, da masu ƙwayar B da likita ya ga suna cikin haɗari, musamman wanda wani a danginsa ya taɓa yin ciwon daji na hanta, ana so a ɗauki hoton cikinsu da na'urar sikanin kowane wata 6, tare da gwajin jini mai suna AFP, wanda ke auna wani sinadari da yakan hau idan ƙari ya tsiro. Ga 'yan Afirka likitoci sukan fara wannan bibiya tun mutum yana saurayi, ba a jiran ya kai 40. An zaɓi wata 6 ne domin ƙarin yakan ɗauki 'yan watanni kafin ya ninka girmansa. A wani gwaji da aka yi a Shanghai a kan mutum 18,816, wanda aka buga a 2004, mutuwa daga ciwon daji na hanta ta ragu da kashi 37 cikin 100 a tsakanin waɗanda ake dubawa sau biyu a shekara.

Idan sikanin ya nuna ƙari wanda ya kai santimita ɗaya, sai a tura mutum babban hoto na CT ko MRI, wanda sau da yawa yakan isa a tabbatar da cutar; in akwai shakka sai a ɗebo ɗan tsokar wurin da allura a duba. Ƙarin da bai wuce santimita 3 ba ana iya ƙone shi da wata allura mai zafi, ko a yi fiɗa a yanke sashen da yake. Fiye da rabin waɗanda aka yi wa haka da wuri suna wuce shekara 5 da ransu. A gwada wannan da wata biyu da rabin da aka ambata a farkon jawabi, za a ga amfanin zuwa da wuri.

Rawayar ido, da kumburin ciki, da rama ba dalili, da ciwo ko tauri a gefen dama, da aman jini, alamu ne na a tafi asibiti ran nan, kada a kwana. Amma kada a jira su, gama sukan zo ne a ƙarshe.

ABIN DA AKE BUKATA GA KOWA

Gwamnatin Tarayya ta sa allurar ciwon hanta na B cikin alluran rigakafin yara tun 2004, kuma kyauta ake yin ta a asibitocin gwamnati: ɗaya ran haihuwa, sa'an nan a mako na 6, da na 10, da na 14. A 2017 an kafa dokar Cibiyar Bincike da Maganin Ciwon Daji ta Ƙasa. Akwai likitocin hanta a asibitocin koyarwa, kamar na Zariya, Kano, Jos, Maiduguri, Sakkwato, Ibadan, Legas da Inugu. Nijeriya tana kuma cikin ƙasashen da suka amince a 2016 da ƙudurin Hukumar Lafiya ta Duniya na kawar da barazanar ciwon hanta kafin 2030. Amma gwamnati ba ta iya shiga kowane ɗaki da kowane rumbu, sauran aikin na jama'a ne.

Allurar ran haihuwa ita ce mafi muhimmanci, kuma ita aka fi rasawa, domin amfaninta ya fi ƙarfi ne cikin sa'a 24 na farko. Mata da yawa a gida suke haihuwa, bisa al'ada kuma jariri ba ya fita sai bayan suna. To, mai jego ta zauna ta huta, amma wajibi ne maigida ya sa kaka ko gwaggo ko unguwarzoma ta kai jaririn asibiti mafi kusa ran da aka haife shi. Mace mai cikin da aka samu ƙwayar da yawa a jininta, akwai maganin da likita zai ba ta tun kafin haihuwa domin kare abin da ke cikinta.

Masu niyyar aure su gwada jininsu. In an samu ƙwayar ga ɗaya, wannan ba dalilin fasa aure ba ne. Sai a yi wa ɗayan allura ya kammala ta. Masu ɗaukar ma'aikata da shugabannin makarantu su daina korar mutum saboda yana ɗauke da ƙwayar, gama tsoron kora shi ke hana mutane zuwa gwaji. Manoma da 'yan kasuwar hatsi su kula da shanya da ajiya. Mai ciwon sukari ya riƙe maganinsa, ya kuma roƙi likitansa ya duba masa hanta. Ana kuma roƙon sarakuna da hakimai da masu unguwanni, da limamai da fastoci, da malaman makaranta da shugabannin mata, su isar da wannan saƙo ga waɗanda ba su iya karatu ba, gama rashin sani ya fi dare duhu.

Neman sanin abin da ke cikin jini ba gaggawar kiran cuta ba ne, kuma ba ya rage tawakkali. Magidancin da ya ba da minti 20 aka gwada jininsa, ya kai jaririnsa allura ran haihuwa, ya tsince gyadarsa kafin ta shiga tukunya, ya yi abin da ke wuyansa, sauran sai ya bar wa Mai Duka.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya ƙara wa jama'ar Nijeriya lafiya da zaman lafiya, amin.